Wai Ataturk Bayahude Ne? Mu Ɗora Maganar A Kan Sikeli



Shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, yayyenmu da suka riga mu zuwa ƙasar nan, ƙannenmu da har yanzu suke fama da ajin koyon Turkanci, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da warhaka. An nemi in yi magana a kan wani abu daga tarihin ƙasar da muke karatu a cikinta, sai na zaɓi maganar da yawancinmu muka zo da ita tun daga gida, wasu kuma aka turo musu ita ta WhatsApp bayan sun iso. Maganar ita ce, wai Mustafa Kamal Ataturk Bayahude ne da ya ɓoye asalinsa, Yahudawa suka dasa shi a cikin Musulmi, suka raine shi har ya kai matsayin da zai rushe Halifanci. An ji ta a wa'azi, an karanta ta a ƙananan littattafan da aka fassara daga Larabci, kuma mai faɗinta yakan faɗe ta ne kamar yadda ake faɗin cewa rana daga gabas take fitowa.

Ban zo wanke mutumin ba, ban kuma zo zaginsa ba. Mu ɗalibai ne, an turo mu nan ne mu koyi yadda ake auna magana. To mu auna wannan.

Sai mun fara sanin su waye ake kira Donme, domin a kansu aka gina zancen gaba ɗaya. A shekarar 1626 aka haifi wani malamin Yahudawa a Izmir mai suna Sabetay Sevi. A 1665 aka shelanta cewa shi ne mai ceton da Yahudawa suke jira, labarin ya bazu tun daga Yaman har Amsterdam, mutane suka riƙa sayar da gidajensu suna shirin ƙaura. Hukuma ta ga abin yana neman zama fitina, ta kama shi. A watan Satumba na 1666 aka gurfanar da shi a fadar Sarki Muhammadu na Huɗu a Edirne, aka ba shi zaɓi tsakanin kisa da Musulunta. Ya Musulunta, aka sa masa suna Aziz Mehmed Efendi, aka yanka masa albashi. Yawancin mabiyansa suka watse cikin kunya. Amma wasu 'yan ɗaruruwan iyalai suka ce shigar tasa Musulunci wani sirri ne daga cikin aikinsa, suka bi shi suka shiga. Ya mutu a 1676 a garin Ulcinj da ke ƙasar Montenegro ta yau, mabiyan nasa kuma suka tattaru a birnin Salonika, wanda Turkawa ke kira Selanik.

Su ne Turkawa suka laƙaba wa suna Donme, wato waɗanda suka juya. Da Hausa za mu ce tubabbu, kuma da irin ɗacin da kalmar take ɗauke da shi a bakinmu. A fili suna salla da azumi, suna da sunayen Musulmi, har masallacinsu suka gina a Salonika a 1902, ana ce masa Yeni Jami, ginin yana nan har yau. A cikin gida kuma suna riƙe da wasu addu'o'i da bukukuwa nasu na daban. Sun rabu gida uku, Yakubi da Karakash da Kapanji, ba sa auren bare, maƙabartarsu ma daban. Malaman Yahudawa ba su ɗauke su Yahudawa ba, a wajensu 'yan ridda ne. Maƙwabtansu Musulmi kuwa suna yi musu kallon hadarin kaji. Zuwa farkon ƙarni na ashirin ana ƙiyasta su tsakanin mutum dubu goma zuwa dubu goma sha biyar, akwai manyan 'yan kasuwa a cikinsu, da malaman makaranta, da 'yan jarida.

Saboda haka Donme ba tatsuniya ba ce, sun wanzu. Duk wanda ya ce muku babu su, bai karanta ba. Tambayarmu ita ce, shin Mustafa Kamal yana cikinsu?

Idan ka tsananta tambaya ga mai wannan da'awa, za ka tarar a kan duwatsu uku ya ɗora tukunyarsa, kamar murhu.

Dutse na farko shi ne garin haihuwa. An haifi Mustafa a Salonika a 1881, kuma gaskiya ne Yahudawa su ne al'umma mafi yawa a birnin, jikokin waɗanda aka koro daga Sifen a 1492 Sarki Bayazid na Biyu ya ba su mafaka. Ƙidayar da Girkawa suka yi a 1913, bayan sun ƙwace birnin, ta nuna mutum kusan 158,000, Yahudawa wajen 61,000, Musulmi kusan 46,000. A cikin Musulmin nan aka lissafa Donme. Ku cire dubu goma sha biyar, mafi yawan abin da ake ƙiyasta su, za a bar ku da Musulmi sama da dubu talatin, Turkawa da Albaniyawa da sauransu, waɗanda ba su da haɗin komai da Sabetay Sevi. In haihuwa a Salonika ta isa hujja, to duk waɗannan ma sun zama Yahudawa ke nan. Wanda aka haifa a Sabon Garin Kano ba shi ke nuna Inyamuri ne ba.

Iyayensa kuma ba ɓoyayyu ba ne. Mahaifinsa Ali Rida Efendi ƙaramin ma'aikacin kwastan ne da ya koma sayar da katako, ya rasu Mustafa yana yaro. Mahaifiyarsa Zubaida Hanim daga wani gidan manoma take a yankin Langaza kusa da Salonika, an san ta da riƙon addini, ta rasu a Izmir a watan Janairu 1923, kabarinta yana Karshiyaka. Dangin mahaifin ana danganta su da ƙauyen Kojajik a ƙasar Masedoniya ta Arewa ta yau. Masana tarihi suna da saɓani a kan ko tsatson gidan Turkawa makiyaya ne kamar yadda littattafan gwamnati ke koyarwa, ko kuwa akwai jinin Albaniyawa ko na Silabawa a ciki, kamar yawancin Musulmin yankin Balkan. Wannan saɓani ne na gaske. Amma ku tuna Donme jama'a ce rufaffiya, kowane gida ya san ɗan'uwansa, suna auren junansu. Marc Baer, wanda ya buga littafi sukutum a kansu a 2010 bayan ya bi takardu ya kuma zauna da jikokinsu, bai sa Ataturk a cikinsu ba. Andrew Mango da ya rubuta tarihin rayuwarsa a 1999, shi ma bai samu wata hujja ba.

Dutse na biyu shi ne makaranta, kuma ya fi na farko nauyi. Iyayen Mustafa sun yi jayayya a kan inda za a kai shi. Uwa tana son makarantar allo ta unguwa, uba yana son ta zamani. Aka fara kai shi ta unguwa don a faranta wa uwa, ba a jima ba aka mayar da shi makarantar wani malami mai suna Shamsi Efendi. Shamsi Efendi kuwa Donme ne, wannan babu musu. Sai dai makarantarsa ta yi suna ne saboda sabuwar hanyar koyarwa, kuma 'ya'yan Musulmin gari suna zuwa. Mustafa bai ma daɗe a cikinta ba, mutuwar mahaifinsa ta sa uwar ta kwashe su zuwa gonar ɗan'uwanta. Inda aka ƙera shi da gaske shi ne makarantun soja: ta Salonika, ta Manastir, sannan Harbiye a nan Istanbul, inda ya gama kwalejin hafsoshi a 1905. A ɗakin nan nawa ne iyayensu ko kakanninsu suka yi makarantar mishan a Jos ko Wusasa ko Kumasi? Sun fito Kiristoci? Abin da shigarsa makarantar Shamsi Efendi ya nuna shi ne mahaifinsa yana son boko. Ita kuwa jayayyar da aka yi kafin a kai shi, irin ta gidan Musulmi ce da muka sani sarai, uwa na cewa allo, uba na cewa boko.

Dutse na uku shi ne wanda aka fi yawo da shi a intanet, bari in ɗan daɗe a kansa. Akwai wani ɗan jarida Bayahude mai suna Itamar Ben-Avi, ɗan Eliezer Ben-Yehuda wanda ya farfaɗo da harshen Ibrananci. A littafin tarihin rayuwarsa ya ba da labarin cewa a 1911 ya haɗu da wani hafsan sojan Turkiyya a wani otal a birnin Ƙudus, suna shan giya, hafsan ya gaya masa cewa shi daga zuriyar Sabetay Sevi yake, har ya karanto masa wata addu'ar Yahudawa da ya ce ya koya yana yaro. Bayan shekaru, in ji shi, ya ga hoton shugaban Turkiyya a jarida ya gane mutumin nan ne. A 1994 wani marubuci mai suna Hillel Halkin ya tono labarin ya buga a wata jaridar Yahudawan Amurka, daga nan ya shiga duniya.

To 'yan'uwa masu karatun Ilahiyat, ku taimaka mana da abin da kuka koya a ilimin hadisi. Mai ruwaya mutum ɗaya ne, babu wanda ya goya masa baya. Zaman na masu maye ne. Gane mutumin ya zo ne ta hoton jarida bayan shekaru. Littafin bai fito ba sai 1961, Ataturk ya mutu a 1938, shi kansa Ben-Avi ya mutu a 1943, babu wanda za a koma a tambaya. Sannan abin da aka sani na tafiyar Mustafa Kamal a ƙarshen 1911 shi ne ya tashi daga Istanbul a jirgin ruwa a watan Oktoba zuwa Iskandariyya, ya ratsa Masar ya shiga Libiya don yaƙar Italiya. Ƙari a kan haka, Ben-Avi ya shafe shekaru yana fafutukar a riƙa rubuta Ibrananci da haruffan boko, abin da Ataturk ya yi wa Turkanci a 1928, don haka yana da dalilin son raɓa kansa da shi. Wace daraja za ku ba wannan ruwaya? Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, mutumin da zai rantse maka cewa ba a yarda da maganar Bayahude ko da ya ce ruwa na jiƙa, shi ne kuma zai riƙe ruwayar ɗan jaridar Sahyoniya guda ɗaya kamar nassi, don kawai ta yi daidai da abin da yake so ya ji.

Akwai kuma abin da ba a cika kawowa ba. Ɗan siyasar da ya fi kowa shahara cikin Donme shi ne Jawid Bey, ministan kuɗi na zamanin Matasan Turkawa. A 1926 aka bankaɗo shirin kashe Mustafa Kamal a Izmir, kotun musamman ta gwamnatinsa ta yanke wa Jawid hukuncin kisa, aka rataye shi a Ankara a watan Agusta, duk da roƙon da aka yi ta yi daga Turai. In ƙungiyar asiri ce guda mai kare 'ya'yanta, wannan wane irin karewa ne? Na san amsar da za a ba ni, wai an yi ne don a ɓatar da sawu. Ku riƙe wannan amsa, za mu dawo mata.

Daga ina zancen ya taso tun farko? Ya girmi shaharar Mustafa Kamal. A 1908 hafsoshin soja suka yi juyin da ya tilasta wa Sarki Abdulhamid na Biyu dawo da tsarin mulki, kuma cibiyarsu Salonika ce. A 1909 aka tuɓe shi. A cikin mutum huɗu da majalisa ta tura su sanar da shi akwai Emanuel Karasso, Bayahude ɗan majalisa daga Salonika, aka kuma kai sarkin zaman ɗaurin talala a wani gida na iyalin Allatini, su ma Yahudawa, a Salonika. Tun da kowa ya san Abdulhamid ya ƙi sayar wa Theodor Herzl da Falasɗinu, sai aka haɗa wannan da wancan aka ce ramuwa ce. Abin da ake tsallakewa shi ne sauran ukun: Musulmi biyu da Ba'armeniye Kirista ɗaya. Ana kuma tsallake cewa da fatawar Shaihul Islam aka tuɓe shi, kuma wanda ya tsara rubutun fatawar shi ne Elmalili Hamdi, mai tafsirin nan da kuke gani a kusan kowane masallaci a ƙasar nan.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara rubuta wannan fassara ta makircin Yahudawa a takardar hukuma shi ne jakadan Ingila a Istanbul, Gerard Lowther. A 1910 ya aika wa ma'aikatar harkokin wajen ƙasarsa doguwar wasiƙa yana cewa Yahudawa da 'yan ƙungiyar Firimason ne ke juya sabuwar gwamnati. Wato shekara bakwai bayan Ingilishi sun ci Sakkwato, wakilin gwamnatin da ta ci mu yana zaune a Beyoglu yana saƙa zancen da jikokinmu za su riƙa maimaitawa a matsayin kishin Musulunci. Turawan wancan zamani sun zo da tsohuwar ƙiyayyarsu ta Yahudawa, kuma ya yi musu wuya su yarda cewa hafsoshin Turkawa za su iya shirya juyi da ƙwaƙwalwarsu.

Haka nan littafin nan da ake kira Ƙa'idojin Dattawan Sahyoniya, wanda na san wasunmu sun karanta fassararsa ta Larabci. A Rasha ya fara fitowa a 1903. A birnin nan da muke zaune aka tona asirinsa: a 1921 wani Barashe ɗan gudun hijira ya kawo wa Philip Graves, wakilin jaridar Times ta Landan a Istanbul, wani tsohon littafin Faransanci na 1864 da Maurice Joly ya rubuta don sukar Sarki Napoleon na Uku. Babu maganar Yahudawa a cikinsa. Graves ya jera shafukan biyu gefe da gefe, aka ga an kwafe ne aka sauya suna.

Ku lura kuma da lokacin da zancen ya samu kasuwa a duniyar Musulmi. A 1921 bayan yaƙin Sakarya majalisa ta ba Mustafa Kamal laƙabin Gazi. A 1922 da ya kori sojojin Girka, Musulmin Indiya suna tara masa kuɗi, babban mawaƙin Masar Ahmad Shauƙi ya yi masa waƙa yana kwatanta shi da Khalid bin Walid. Garin haihuwarsa bai sauya ba, makarantar da ya yi ba ta sauya ba, amma yawancin masu tafi ba su tambayi kakansa ba. Da ya soke Halifanci a 1924, Shauƙin nan ya yi waƙar makoki, masu fushi kuma suka shiga neman asali. Hukuncin ne ya riga zuwa, hujjar aka nemo daga baya.

Yanzu mu koma ga amsar nan ta ɓatar da sawu. Irin wannan zance an gina shi ne yadda babu abin da zai iya ƙaryata shi. In an samu alama, hujja ce. In ba a samu ba, ai sun iya ɓoyewa. In ya kyautata wa Donme, ɗan'uwansu ne. In ya rataye ɗayansu, wayo ne. A Turkiyyar nan an kai abin matuƙa, musamman bayan littafin Soner Yalcin mai suna Efendi da ya fito a 2004 ya yi kasuwa sosai, har aka shiga bin sunayen mutane da na matansu da inda aka binne kakanninsu ana cewa wane ma nasu ne. Masu addini suna jifan 'yan boko da shi, wasu 'yan boko suna jifan masu addini da shi. An yi wa gidan sarautar Saudiyya irinsa. Hitila ma bai tsira ba: lauyansa Hans Frank ya rubuta, yana jiran rataya a Nuremberg, cewa wai kakan Hitila wani Bayahude ne a garin Graz, alhali a lokacin da aka haifi mahaifin Hitila a 1837 ba a yarda Yahudawa su zauna a Graz ba. Mu 'yan Najeriya kuwa ba sai an yi mana bayani ba, mun ga 2018, lokacin da sai da shugaban ƙasa ya tsaya a Poland ya ce shi ne shi, ba wani Jibrin daga Sudan ba. Za a ce ruwa ba ya tsami banza. Haka ne, amma wani lokaci abin da ya tsamar da shi yana cikin tulun mai ɗiba.

Ga abin da na fi so mu tafi da tunaninsa. Wa ya soke Halifancin? Ranar 3 ga Maris 1924 majalisar Ankara ta zartar da doka mai lamba 431. Wanda ya gabatar da ƙudurin shehi ne, Shaikh Saffet Efendi, ɗan majalisa daga Urfa, tare da 'yan'uwansa hamsin da uku. Wanda ya yi dogon jawabin da ya kwantar da hankalin masu shakka shi ne ministan shari'a Sayyid Bey, malamin usulul fiƙhi a jami'ar Istanbul, kuma da hujjojin fiƙihu ya yi magana. Kafin nan, a 1916, Sharif Husaini na Makka, wanda ba mai shakkar nasabarsa, ya haɗa kai da Ingila ya yaƙi Halifa. A 1925 wani alƙali ɗan Azhar, Ali Abdurraziƙ, ya buga littafi yana cewa Halifanci ba rukunin addini ba ne. A 1926 aka yi taro a Alƙahira don a naɗa sabon Halifa, aka tashi baram-baram saboda kowane sarki yana so ya zama shi ne. Duk waɗannan Musulmi ne 'ya'yan Musulmi.

Shi kansa Mustafa Kamal ɗan zamaninsa ne. Tsararsa sun taso suna ganin daula tana zubewa yanki bayan yanki, har garin haihuwarsa ya tafi a 1912. A makarantun soja da na likitanci suka karanta littattafan Faransawa da Jamusawa masu cewa kimiyya ta maye gurbin addini, da yawansu suka gaskata. Shukru Hanioglu ya bi diddigin abin da ya karanta a littafinsa na 2011. Manyan masu wannan tunani irin su Abdullah Jaudat da Ziya Gokalp daga gabashin Anadolu suka fito, nesa da Salonika. Wannan ita ce maganar da ke da zafi, shi ya sa muke gudunta: gidan Musulmi, da uwa mai salla, zai iya fitar da ɗan da zai rufe makarantun addini a 1924, ya rufe zawiyoyi ya tilasta malafar Turawa a 1925, ya sauya haruffa a 1928, ya mayar da kiran salla Turkanci a 1932, abin da ya tsaya har 1950. In muka ce Bayahude ne, mun huta, ba sai mun tambayi yadda aka yi ilimin addini na wancan lokaci ya kasa riƙe zukatan samarin da suka fi kowa ƙwazo ba. Tambayar kuwa ta shafe mu kai tsaye, domin mu ma samari ne da aka turo karatun zamani a wata ƙasa, kuma za mu koma gida mu riƙe wani abu.

Duk wanda yake son ya soki mulkinsa yana da abin kamawa da yake a rubuce, da kwanan wata. Rataye malami Iskilipli Atif a 1926 yana nan. Abin da aka yi a Dersim a 1937 da 1938 yana nan. Wanda yake son ya yabe shi ma yana da nasa, domin ba don yaƙin da ya jagoranta ba, da wuya a ce birnin nan yana hannun Turkawa yau. Waɗannan su ake muhawara a kansu a jami'a.

Bari mu ƙaddara ma an wayi gari an samu takarda da ta nuna wani kakansa na shida ya bi Sabetay Sevi. Sai me? Sai mu ce jinin ne ya yi aiki bayan shekara ɗari biyu? Wannan ra'ayi yana da tarihi, kuma ba namu ba ne. A Toledo ta ƙasar Sifen aka fara kafa dokar tsarkin jini a 1449, wadda ta ce wanda kakansa Bayahude ne ba a yarda da shi ko da ya yi baftisma. Daga baya aka juyo da ita kan jikokin Musulmin Andalus, tsakanin 1609 da 1614 aka kori kusan mutum 300,000 daga cikinsu. A wajenmu kuwa Abdullahi bin Salam babban malamin Yahudawan Madina ne kafin ya zama sahabi. Uwar Muminai Safiyya 'yar shugaban Banu Nadir ce, kuma da aka yi mata gorin asali har ta yi kuka, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tuna mata cewa ita jinin Annabi Haruna ce. A Sahihu Muslim an lissafa sukar nasaba cikin ayyukan jahiliyya. Mun san duk wannan, amma a gida har yau in za a yi aure ana raɗa cewa kakan yaron nan tubabbe ne, ko asalinsu bayi ne. Cuta ɗaya ce.

Kuma zancen jini ba ya tsayawa a baki. Da aka yi musayar jama'a tsakanin Girka da Turkiyya bisa yarjejeniyar Lozan ta 1923, an lissafa Donme a matsayin Musulmi aka kwaso su zuwa nan. A 1942 gwamnati ta ƙaƙaba harajin dukiya, aka ware musu jerin sunaye na daban mai alamar harafin D, suka biya kusan ninki biyu na abin da sauran Musulmi suka biya. Yahudawan da suka rage a Salonika kuwa, a 1943 sojojin Jamus suka loda sama da 45,000 a jiragen ƙasa zuwa Auschwitz, kaɗan ne suka dawo. Mutanen da ake cewa su ke juya duniya a ɓoye ba su iya ceton unguwarsu ba.

Na ga wani ɗan'uwa can baya yana motsi, na san abin da zai ce: Falasɗinu fa? Abin da ake yi wa Falasɗinawa a fili yake, masu yinsa gwamnati ce da sojoji masu suna da muƙami, kuma akwai Yahudawa da suke fitowa titi suna adawa da shi. Alƙawarin Balfour na 1917 gwamnatin Ingila ce ta yi shi. Turkiyya ta amince da ƙasar Isra'ila a 1949, shekara goma sha ɗaya bayan mutuwar Ataturk. Mai neman haƙƙin Falasɗinu yana da hujjoji masu ƙarfi, in ya cakuɗa su da labarin otal ɗin Ƙudus, sai ya ba abokin hamayyarsa damar ya watsar da duka. Aya ta shida a Suratul Hujurat da ta umarce mu da bin diddigin labari ba ta ware labarin da ya shafi wanda muke ƙi ba.

Saura magana ɗaya, musamman ga ƙannenmu sababbin zuwa. Akwai doka mai lamba 5816 da aka kafa a 1951, wadda ta tanadi ɗaurin shekara ɗaya zuwa uku ga wanda ya ci mutuncin Ataturk a bainar jama'a, kuma ana aiki da ita a kan abin da mutum ya rubuta a Facebook ko X. Kai baƙo ne, ikamet ɗinka da gurbin karatunka suna iya tafiya a kan saƙon da ka tura ba ka ma karanta shi har ƙarshe ba. A ra'ayina dokar nan tana cikin abin da ke ciyar da jita-jitar, domin abin da aka hana faɗi a fili a raɗa yake ƙiba, kuma mai raɗa yakan ɗauka hanin da aka yi shi ne shaidar gaskiyarsa. Ban kawo dokar a matsayin hujja ba, ko babu ita duwatsun nan uku ba za su ɗauki tukunya ba. Na kawo ta ne don kada wani ya je gidan yari a kan ruwayar Ben-Avi.

Wanda yake son ya ga Donme da idonsa, ya hau jirgin ruwa ya tsallaka Uskudar, ya tambayi maƙabartar Bulbuldere. A nan aka binne da yawa daga cikin waɗanda suka zo daga Salonika, har da Shamsi Efendi, malamin Mustafa. Za ku ga hotunan mamatan manne a jikin duwatsun, abin da ba a saba gani a maƙabartar Musulmi ba, za ku kuma ga an rubuta Selanikli a gaban sunaye da yawa. In ƙungiya ta shirya ziyara ranar wata Asabar, zan raka ku.

Shugaba, na ci lokacin tambayoyi, a yi mini afuwa.